Taurarin 'Yan Wasa a Ƙwallon Amurka ta Jami'o'i: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara bin ƙwallon Amurka a matakin jami'a zai riƙa jin ana cewa wane mai taurari biyar ne, wane mai uku ne, jami'a kaza ita ta zo ta ɗaya a zawarcin bana. Taurarin awo ne da ake yi wa 'yan wasan sakandare kafin su shiga jami'a. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan awo, da yadda mutum zai yi amfani da shi ya gane ƙarfin ƙungiya ba tare da lambobi sun ruɗe shi ba.

Wa ke ba da taurarin nan? Hukumar wasanni ce?

A'a. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ruwanta da taurari, jami'o'in ma ba su ke bayarwa ba. Kamfanonin labaran wasanni ne ke aikin, kuma sana'a ce da suke cin abinci da ita, domin magoya baya na biyan kuɗin wata don su san yaran da jami'arsu ke zawarci. Manyansu su ne 247Sports, wanda Shannon Terry ya kafa a 2010 daga baya CBS ta saya, da ESPN mai fitar da jerin yara 300, da Rivals, da On3 wanda Terry ɗin ya sake kafawa a 2021. A 2025 On3 ya sayi Rivals suka zama gida ɗaya. Kowane kamfani na da ma'aikata da aka rarraba shiyya-shiyya, suna kallon bidiyo, suna zuwa filayen sakandare ranar Juma'a da dare, suna tambayar kociyoyi.

Me taurari biyar ke nufi, kuma yara nawa ke samu?

Fiye da yara miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandaren Amurka. A cikin 'yan ajin ƙarshe na kowace shekara, 247Sports kan ba mutum 32 ne kacal taurari biyar, kuma da gangan aka zaɓi adadin: ƙungiyoyin NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, 32 ne, zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa mutum 32 ne. Wato kamfanin na cewa yana ganin wannan yaro zai iya shiga zagayen farko nan da shekara uku ko huɗu. Masu taurari huɗu kan kai 300 zuwa 400, ana ganin za su zama ginshiƙai a manyan jami'o'i kuma suna da damar shiga NFL. Masu uku sun fi dubu, su ne mafi yawan waɗanda ke cika ƙungiyoyin babban rukunin gasar jami'o'i. Masu biyu kuwa galibi ba a kalle su sosai ba ne.

A ƙarƙashin taurarin akwai maki. A ma'aunin 247Sports, 98 zuwa sama biyar ne, 90 zuwa 97 huɗu, 80 zuwa 89 uku. ESPN na fara biyar daga 90, huɗu daga 80. A tsohon ma'aunin Rivals kuwa 6.1 ne kololuwa. Saboda wannan bambanci ne ake da haɗaɗɗen maki, wanda ake tattara ra'ayin kamfanonin a fitar da lamba ɗaya da ba ta wuce 1.0000. Shi ya fi dacewa ka dogara da shi, domin kuskuren kamfani ɗaya ba ya rinjayarsa. Kuma makin ya fi tauraron faɗin gaskiya: mai 89 da mai 90 kusan abu ɗaya ne ko da ɗaya ana kiransa mai uku ɗaya mai huɗu, alhali mai 89 da mai 81 duk masu uku ne amma tazararsu babba ce.

Da me ake auna yaro ɗan shekara 16 ko 17?

Abu na farko jiki ne, tun da shi koci ba zai iya koyarwa ba. Ana auna tsayi, nauyi, tsawon hannu daga kafaɗa zuwa yatsa, da faɗin tafi. Ɗauki 'yan katanga, mutum biyar ɗin da ke tare wa mai jefa ƙwallo. Wanda zai tsaya a gefen katangar ana son tsayinsa ya kai mita 1.93 zuwa sama, hannunsa ya kai inci 33, kusan santimita 84. Dalili shi ne wanda ya fara ɗora hannu a ƙirjin abokin karawa shi ke juya shi, mai gajeren hannu kuwa kafin ya taɓa an riga an taɓa shi. Masu awo sun fi son yaro mai kilo 120 da faɗin kafaɗa da siririn ciki, wanda za a ɗora masa kilo 15 na tsoka a ɗakin motsa jiki na jami'a, a kan mai kilo 150 da sai an fara rage masa teɓa.

Na biyu gudu da saurin juyi. Sanannen gwaji shi ne gudun yadi 40, wato mita 36.6. A nan a yi hattara ƙwarai: lokacin da aka ɗauka da agogon hannu kusan kullum ya fi na na'ura sauri, don ɗan yatsa kan makara wajen dannawa a farkon gudu. Idan aka ce ɗan sakandare ya yi daƙiƙa 4.3, ka tambayi wa ya riƙe agogon. Tarihin da aka kafa a gwajin NFL da na'ura 4.21 ne, na Xavier Worthy a 2024, kuma shi ƙwararre ne da ya yi watanni yana shirin wannan gudu kaɗai. Shi ya sa masu awo ke neman lokacin yaro a gasar gudun mita 100 ta makarantu, inda na'ura ce ke ɗauka. Mai yin ƙasa da daƙiƙa 11 gudunsa ba na baki ba ne. Akwai kuma gwajin zirga-zirga, yadi biyar gefe, goma baya, biyar dawowa, da tsallen sama da na gaba, waɗanda ke nuna ƙarfin ƙugu da cinya.

Na uku bidiyo. Kusan kowane yaro na da zaɓaɓɓun wasanninsa a shafin bidiyo na Hudl, minti uku ko huɗu na inda ya yi bajinta. Wannan talla ce. Mai awo na gaske cikakken wasa yake nema, ya ga abin da yaron ke yi idan ƙwallo ba ta wajensa, ko yana tarewa, ko yana tafiya da ƙafa bayan an ci su, ya kuma ga su wa yake karawa da su. Yaron da ke tattake ƙananan makarantun karkara ba a san iyakarsa ba sai an haɗa shi da tsararsa.

Na huɗu shi ne wannan haɗuwar. Akwai sansanonin bazara inda ake gwabza yara ɗaya da ɗaya, da gasar Elite 11 ta masu jefa ƙwallo, da wasannin fitattu na ƙarshen shekara a Fulorida da San Antonio. Bayan waɗannan ne ake fitar da jerin ƙarshe a watan Janairu.

Akwai na biyar da kamfanoni ba sa son faɗa da ƙarfi: su wa ke zawarcin yaron. Idan Alabama da Jojiya da Ohio State duk sun miƙa masa tayin tallafin karatu, makinsa kan tashi. Wannan ba laifi ba ne gaba ɗaya, kociyoyin nan sun san aikinsu, amma yana sa awon ya zama wani ɓangarensa bin sawun manya ne.

To awon gaskiya ne ko shaci-faɗi?

Gaskiya ne idan taro ake magana, yana da rauni idan mutum ɗaya ne. Kamar hasashen damina yake: masana za su iya faɗa maka bana ruwa zai wadata a yankinku, amma ba za su ce ran Talata zai sauka a gonarka ba. Idan ka ɗauki masu taurari biyar 32 da masu uku 32, ka dawo bayan shekara huɗu, rukunin farko zai fi yawan waɗanda suka shiga NFL nesa ba kusa ba. Jadeveon Clowney shi ne na ɗaya a jerin 'yan sakandare a 2011, aka zaɓe shi na farko a zaɓen NFL na 2014. Myles Garrett mai biyar ne a 2014, na farko a 2017. Trevor Lawrence na ɗaya a 2018, ya ci wa Clemson kofin ƙasa a shekararsa ta farko, na farko a 2021. Travis Hunter na ɗaya a 2022, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2024, aka zaɓe shi na biyu a 2025.

Masu sukar awon kan ce ai masu taurari uku sun fi yawa a NFL. Haka ne, amma lissafi ne ya kawo haka. Mu yi misali da lambobin ƙaddarawa: a ce rabin masu biyar sun shiga, mutum 16 ke nan. A ce masu uku 1,500 ne, ɗaya cikin 20 ya shiga, 75 ke nan. Sun fi yawa a ƙidaya, amma damar kowane ɗayansu kashi 5 ce cikin ɗari, ta ɗan uwansa kashi 50.

Ya aka yi aka rasa gane irin su J.J. Watt da Josh Allen?

Kowane kuskure na da dalilinsa, kuma dalilan na maimaita kansu. J.J. Watt taurari biyu aka ba shi. Ya fara a Central Michigan a ɓangaren hari, ya bar tallafin karatunsa ya koma Wisconsin a matsayin ɗan sa-kai marar tallafi, aka mayar da shi tsaron gaba, jikinsa ya cika har ya kai kusan kilo 130, Houston ta zaɓe shi na 11 a 2011, ya zama gwarzon mai tsaron NFL sau uku. An auna shi da jikin da bai gama girma ba. Josh Allen ɗan ƙaramin garin manoma ne a Kalifoniya, bai yi yawon sansanoni ba, ya bi ta kwalejin shekara biyu ta Reedley sannan Wyoming, Buffalo ta ɗauke shi na bakwai a 2018. Aaron Rodgers ma ta irin wannan kwaleji ya bi, ta Butte. Patrick Mahomes mai uku ne, lokacinsa ya rabu tsakanin wasanni uku a sakandare. Baker Mayfield da Stetson Bennett gajarta ce ta hana su maki. Na farko ya ci Heisman a 2017, na biyu ya ja Jojiya ta ci kofi a 2021 da 2022.

Akwai kuma batun wuri. Tekzas, Fulorida, Jojiya da Kalifoniya su ke fitar da mafi yawan 'yan wasa, can ma'aikatan suka fi yawa, ga makarantu irin su IMG Academy da Mater Dei da kullum ido ke kansu. Yaron da ke jihar da ba a cika zuwa ba sai ya gama sakandare ba wanda ya gan shi ido da ido.

Ta ɗaya gefen, mai biyar kan faɗi saboda rauni a gwiwa, ko karatu ya kayar da shi, ko ya riga tsararsa girma ne kawai suka kamo shi a jami'a, ko kocin da ya kawo shi ya tafi sabon ya zo da salon da bai dace da shi ba.

Wane gurbi ya fi wuyar aunawa?

Mai jefa ƙwallo da 'yan katanga. Ƙarfin hannun mai jifa ana ganinsa a bidiyo, amma ko zai iya karanta tsarin tsaro cikin daƙiƙa biyu da rabi ƙato na tahowa kansa, wannan sai an sa shi a fili. Gasar mutum bakwai da bakwai da ake yi a bazara ba ta nuna haka, don babu mai kai masa hari. 'Yan katanga kuwa sai sun shekara biyu ko uku suna cin ƙarfe kafin a san abin da aka samu. Masu kutse daga gefe da masu gadin masu cafe ƙwallo sun fi sauƙi, aikinsu ya fi jingina da tsayi da gudu. Masu bugun ƙafa da wuya su wuce taurari uku komai ƙwarewarsu, don haka kada ka auna su da wannan ma'auni.

Idan aka ce jami'a ta zo ta biyar a zawarcin bana, yaya aka lissafa?

Ana tara makin yaran da ta samu, amma ba daidai wa daida ba. Wanda ya fi maki ana ƙirga shi cikakke, na biyu a rage kaɗan, haka har na ashirin da wani abu ya zama ɗan abin da yake ƙarawa ƙalilan ne. Duk da haka yawa na tasiri. A watan Yuni za ka ga matsakaiciyar jami'a a sahun goma na farko don ta riga ta tara yara 22, alhali babba tana da 9. Kafin Disamba sai jerin ya juye. Maganin wannan shi ne ka duba matsakaicin makin kowane yaro, sannan ka duba gurabensu. Rukunin da ke da masu cafe ƙwallo biyar da ɗan katanga ɗaya ya yi kyau a jadawali, amma ya bar rami.

Mene ne Blue-Chip Ratio da ake yawan ambata?

Ɗan jarida Bud Elliott ne ya fara fitar da shi a 2013. Lissafin mai sauƙi ne: ka tara duk yaran da jami'a ta ɗauka daga sakandare a shekara huɗu na baya, ka ga kashi nawa ne masu taurari huɗu da biyar. Ƙa'idarsa ita ce sai ya kai rabi kafin a yi maganar kofin ƙasa. Daga kakar 2013 zuwa ta 2024 duk wadda ta ci kofi ta cika sharaɗin, wasu da ƙyar, kamar Clemson a 2016 da kashi 52 da Michigan a 2023 da kashi 54, dukansu kuma da gogaggen mai jefa ƙwallo. An ga abin da tazarar ke yi a wasan ƙarshe na kakar 2022, inda jami'ar TCU da ba ta kai rabin ba ta sha kashi 65 da 7 a hannun Jojiya.

Sai Indiana ta zo ta karya ƙa'idar. Curt Cignetti ya karɓi ƙungiyar a ƙarshen 2023, ya taho da tsofaffin 'yan wasansa daga James Madison, yara masu ƙananan taurari amma sun buga wasanni da yawa. Suka ci wasa 11 a 2024, sannan da Fernando Mendoza wanda ya sauya sheƙa daga Jami'ar Kalifoniya suka ci kofin kakar 2025 a kan Miami. A ganinmu wannan bai kashe ma'aunin ba, amma ya nuna inda yake makaho: yana ƙirga abin da aka zata game da yaro yana ɗan 17, ba ya ƙirga abin da ya zama yana ɗan 22.

Jami'a za ta iya tara taurari ta kasa cin komai?

Ƙwarai. Texas A&M ta ɗauki masu taurari biyar har takwas a 2022, rukuni mafi yawan maki da aka taɓa gani a lokacin. A kakar ta ci wasa 5 ta faɗi 7. A Nuwamban 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher da biyan diyyar da ta haura dala miliyan 75. Yaran da yawa suka watse: Evan Stewart ya tafi Oregon, Walter Nolen ya tafi Ole Miss. Abin lura, a zaɓen NFL na 2025 an ɗauki Nolen na 16, aka ɗauki Shemar Stewart daga rukunin nan na 17. Awon bai yi ƙarya a kansu ba. 'Yan shekara 18 ne aka ɗora wa fatan cin kofi nan take, kuma ba a riƙe su tare har su nuna ba.

To yaya zan auna ƙungiya kafin a fara kaka?

Fara da jerin sunayen da jami'ar ta wallafa a watan Agusta, ba na ranar da sababbin yara ke sa hannu ba. Tun da aka buɗe rajistar sauya sheƙa a 2018, aka kuma cire dokar da ke sa wanda ya sauya jami'a zaman shekara guda ba wasa a 2021, ƙungiya kan iya rasa mutum 20 ta kawo 20 cikin watanni kaɗan. 247Sports na da jadawalin da ke auna waɗanda ke cikin ƙungiya yanzu, shi za ka buɗe.

Daga nan ka rubuta mutum 22 da za su fara wasa, 11 a hari 11 a tsaro, da na bayan kowannensu. Gefen kowane suna ka sa abu uku: makinsa na sakandare, shekararsa a jami'a, da yawan wasannin da ya fara. Ga ɗan shekarar farko da ta biyu maki ne shaidarka. Daga shekara ta uku ka ajiye makin ka dubi aikin fili. Mai taurari biyar da ya shekara uku a benci ya riga ya ba ka amsa.

Ka ba gurabe uku nauyi fiye da sauran. Mai jefa ƙwallo, da wanda zai maye shi idan ya ji rauni. 'Yan katanga biyar, inda abin tambaya shi ne wasa nawa suka buga tare, domin aikinsu na fahimtar juna ne, mutum ɗaya ya tare wanda ba nasa ba an kayar da mai jifa. Sai masu tsaron gaba: huɗu ke fili, amma ana bukatar takwas masu kyau da za a riƙa musanyawa, don mai kilo 140 ba ya buga zubi 70 da ƙarfi ɗaya. Nan ne manyan jami'o'i ke cinye ƙanana a kashi na huɗu na wasa, kuma nan ne ake ganin amfanin tara taurari.

Ga waɗanda suka sauya sheƙa, duba matakin da suka fito. Wanda ya fara wasa 25 a ƙaramin rukuni ya fi tabbas a kan wanda ya bar babbar jami'a bai taɓa shiga fili ba, sai dai 'yan katanga da masu tsaron gaba sun fi shan wuya idan suka hau mataki. A ƙarshe ka haɗa da lissafin Bill Connelly na ESPN, mai nuna kashi nawa na aikin bara ya dawo, ka kuma duba ko an canja kocin hari ko na tsaro.

Idan yaro ya ce ya zaɓi jami'a, magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba sai ya sa hannu. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. Travis Hunter ya daɗe da yi wa Florida State alkawari, ranar sa hannu a Disamban 2021 ya koma Jackson State wajen koci Deion Sanders. Bryce Underwood, na ɗaya a rukunin 2025, ya bar LSU ya zaɓi Michigan a Nuwamban 2024. Ana sa hannu a Disamba, tsarin da aka fara a 2017, ko a Larabar farko ta Fabrairu.

Kuɗi ma sun shigo. Daga 1 ga Yulin 2021 ɗan wasa na iya karɓar kuɗin talla da sunansa. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a duk wasanninta, aka kuma maye iyakar yara 85 masu tallafin karatu da iyakar mutum 105 a ƙungiya ga jami'o'in da suka shiga tsarin. Yanzu maki na shafar farashin yaro.

Yaron da ya tashi a Najeriya ko Gana zai iya samun taurari?

Sai an gan shi yana wasa a inda masu awo ke zuwa. Ezekiel Ansah daga Akara ya je jami'ar BYU karatu a 2008, bai da tauraro ko ɗaya, ya fara wasan a 2010, Detroit ta zaɓe shi na biyar a 2013. David Ojabo an haife shi a Najeriya, ya girma a Sikotilan, ya fara wasan a makarantar Blair Academy ana saura shekara biyu ya gama sakandare, Michigan ta ɗauke shi, Baltimore ta zaɓe shi a zagaye na biyu a 2022. Yanzu akwai NFL Academy a Loughborough ta Ingila mai ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 19, da sansanonin da NFL ke yi a Afirka tare da tsohon ɗan wasanta Osi Umenyiora, wanda aka fara a Akara a 2022.

Abin da yaro zai tanada shi ne ingantaccen awon tsayi da nauyi da tsawon hannu, bidiyon gudu da aka ɗauka daga farko zuwa ƙarshe ba yanka, da takardun makaranta. Cibiyar tantancewa ta NCAA na neman darussa 16 da ta amince da su da matsakaicin sakamako 2.3 cikin 4 kafin a buga a babban rukuni. Ba a sayen tauraro, ba a kuma biyan kuɗi don jami'a ta miƙa tayi. Duk wanda ya nemi iyaye su biya don ɗayan biyun, a tuntuɓi ofishin wasanni na jami'ar da ya ambata ta adireshinta na intanet kafin a fitar da ko sisi.